Sirrin Tsohon Amo Yana Cikin Tsirkiya

Akwai wani zance da ya daɗe yana yawo a bakin makaɗan jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya wadda ke riƙe gindin kiɗa. Cewa suke yi amon fayafayen shekarun 1960 ba ya samuwa sai daga tsohuwar jita, musamman ƙirar Fender ta kafin 1965, shekarar da aka sayar wa CBS da kamfanin. Saboda wannan imani ake zubar da dubban daloli a kan tsohon katako. A ganina an ɗora wa katakon yabon da ba nasa ba. Mafi yawan abin da kunne ke kira tsohon amo daga ginin tsirkiya yake fitowa, kuma kimiyya tana da bayaninsa.

Bari mu fara da tushe. Tun a 1636 wani malami Bafaranshe, Marin Mersenne, ya bayyana cewa abu uku ke yanke kaurin muryar tsirkiya: tsawonta, ɗaurinta da nauyinta. Tsawon tsirkiyar bes ya kai inci 34, kuma mafi kaurin murya cikin huɗun takan yi karkarwa sau 41 a daƙiƙa. Kafin waya ta yi irin wannan jinkiri sai ta yi nauyi ƙwarai. To amma da za a ƙera ta da zallar ƙarfe mai kauri, da ta sandare kamar sanda, amonta ya lalace. Dabarar maƙera ita ce su ɗauki siririyar waya su naɗe ta da wata, nauyi ya ƙaru ba tare da ta ƙi lanƙwasuwa ba.

A wurin naɗin nan ne hanya ta rabu biyu. Idan aka yi shi da shafaffen ƙarfe mai kama da zirin ƙyalle, sai tsirkiya ta fito sumul, mu kira ta mai santsi. Idan kuwa da mulmulalliyar waya aka yi, sai ta fito da gurabu tsakanin naɗi da naɗi, mu kira ta mai kaushi.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa tsirkiya ba ta fitar da amo guda ɗaya tak. Tare da uwar amo mai karkarwa 41 akwai 'ya'yan amo masu 82 da 123, har zuwa dubbai. Masanin kimiyyar nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya nuna a 1863 cewa yawan waɗannan 'ya'ya da ƙarfinsu su ne ke bambanta muryar wannan abin kiɗa da wancan. A tsirkiya mai santsi gefen kowane naɗi yana manne da na maƙwabcinsa, don haka gogayya takan cinye 'ya'yan amo na sama da wuri, a bar dunƙulallen sauti mai taushi. Mai kaushi ta fi sauƙin lanƙwasuwa, 'ya'yanta na sama sukan daɗe suna ƙara, sai a ji amo garau kamar na fiyano.

Tarihi ma ya ba da shaida. Lokacin da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, mai santsi aka ɗaura mata. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin fayafayen Motown a birnin Ditiroyit, masu santsi ƙirar La Bella ya riƙe, ba ya sauya su sai dole, ga kuma soso a ƙarƙashin murfin gindin jitar yana daɗa kashe ƙarar. Abin lura a nan shi ne, jitarsa ƙirar 1962 ce, sabuwa ce a lokacin da yake waɗancan ayyuka. Ashe ke nan ba tsufan katako ya ba shi amon ba. A Ingila kuwa, a 1966, John Entwistle na ƙungiyar The Who ya haɗa kai da kamfanin Rotosound aka kyautata mai kaushi, domin yana son a ji shi a tsakiyar hayaniyar ganguna. Daga nan amon bes ya sauya, alhali jitocin suna nan yadda suke.

Wani zai ce, ai Steve Harris na Iron Maiden da mai santsi yake kiɗa, amma amonsa kaifi gare shi. Gaskiya ne, sai dai shi sababbi yake ɗaurawa a kai a kai, yana kuma bugunsu har su taɓa ƙarafan wuyan jita. Wannan ya nuna mana cewa shekarun tsirkiya da hannun makaɗi suna da nasu rabo. Gumi da dauɗa sukan cike gurabun mai kaushi, ta dushe cikin 'yan makonni, ita kuwa mai santsi takan yi shekaru tana aiki. Haka nan kaushin yana cin jikin jita: da Jaco Pastorius ya cire ƙarafan wuyan tasa, sai da ya shafe katakon da ƙaƙƙarfan danƙon jirgin ruwa don kada tsirkiya ta sassaƙe shi.

Ban ce ɗaya ta fi ɗaya ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ƙaramar lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da karkarwa 41, daga 'ya'yan amo ƙwaƙwalwa ke gane uwar, don haka mai kaushi ta fi fitowa a can. Mai son bes ta kwanta ƙarƙashin muryar mawaƙi kuwa, mai santsi ce tasa.

Shawarata ga ɗalibanmu ita ce su gwada da kansu. A ɗauki jita ɗaya, a ɗaura mata iri biyun bi da bi, a naɗi amon kowace a kwamfuta, a dubi zanen 'ya'yan amon, sannan a kunna wa mutanen da ba su san wace ce wace ba. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. Wanda ya yi wannan gwaji zai yi dogon tunani kafin ya sayar da gonarsa don tsohon katako.