Yaron Faskari Bayan Allurar Ciwon Daji

A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ke son yara 60 cikin 100 masu ciwon daji su rayu nan da 2030, amma burin zai yi wuyar cika a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa muddin ana ɗaukar allura kaɗai a matsayin magani. Yaron da dajin Burkitt ya kama, wato kumburin muƙamuƙi ko ciki mai saurin girma da ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, sai an riƙa kai shi asibitin koyarwa na Shika ko na Katsina zagaye bayan zagaye, ta hanyoyin da 'yan bindiga suka daɗe suna tarewa. Kumburin kan sace da wuri, iyayen da suka sayar da hatsi ko akuya don jinyar su zaci an warke, su daina zuwa, cutar ta dawo da ƙarfinta. Ya wajaba gwamnatin jihar Katsina ta samar wa masu jinya masauki da kuɗin mota, ta horar da ma'aikatan asibitin Funtua su bibiyi abincin yaron da ƙarfin gaɓoɓinsa, sannan malaman makaranta su karɓi wanda gashinsa ya zube saboda allurar ba tare da tsangwama ba.