A Kafa Kyautar Binciken Ɗalibai a Tamale Kafin Gara Ta Cinye Tarihinmu

Duk shekara ɗaliban Jami'ar UDS da sauran manyan makarantun Tamale suna rubuta kundin kammala digiri. A buga shi, a yi masa bango mai tauri, malami ya ba da maki, shi ke nan an rufe babinsa. Ina zaune a Bulpiela, na kuma duba kundayen 'ya'yan maƙwabta da dama da ake kawo mini don gyaran rubutu. Galibinsu batu ɗaya ne ake juyawa, an ɗebo rabi daga intanet, rabi daga kundin wani da ya gama bara. Ban ɗora wa yaran laifi ba. Ba wanda ya taɓa nuna musu cewa wani zai karanta aikinsu da idon basira, balle ya yaba.

Shawarata ita ce mu kafa kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin digirin farko da ya fi kowa binciken tarihin zangunanmu, da malamanmu, da rubuce-rubucenmu na ajami.

Inda na ga wannan dabara ta yi aiki shi ne wurin Yahudawa. Na san akwai mai karatun da zai ɗaure fuska da jin sunan, musamman ganin halin da Falasɗinawa ke ciki, wanda ni ma yake ci mini rai. Amma hikima ba ta da ƙabila. A jami'o'in Amurka da yawa akwai sashen nazarin tarihi da harshe da addinin Yahudawa, kuma sassan kan ware kyauta ga maƙalar ɗalibi mafi inganci. Sau da yawa wani iyali ne ke ajiye kuɗin da sunan mahaifinsu da ya rasu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma yaro ɗan shekara ashirin yakan gane cewa al'ummarsa na kallon alƙalaminsa.

Abin ya daɗe a wurinsu. Cibiyar YIVO da aka kafa a 1925, mai mazauni a birnin Vilna a lokacin, ta shirya gasa a 1932 da 1934 da 1939, ta ce matasa 'yan shekara 16 zuwa 22 su rubuto tarihin rayuwarsu. Fiye da 600 suka aiko, mafi yawa cikin harshen Yidish da ake rubutawa da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda muke rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya shafe garuruwan da matasan suka fito da mutanensu. Yau abin da ya tsira daga takardun gasar yana cikin manyan shaidun yadda talakawansu suka rayu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da mata marubuta da ba a san da su ba. Gasa tana tono abin da ke binne.

To me ɗalibin Tamale zai bincika? Ga Salaga nan kudu da mu, kasuwar da a da fatake ke tasowa daga Kano da Katsina don goron Gwanja. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a can, bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da tarihi cikin Larabci da Hausar ajami, almajiransa kuma suka bazu a zanguna. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, da ƙoƙarin Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo, ta bi gidajen malamai tana ɗaukar kwafin takardu. A nan cikin gari, Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya ya kuma rasu a 2004, ya yi waƙoƙin wa'azi da Dagbanci cikin ajami. Waɗannan su ne waɗanda aka sani. Waɗanda ba a sani ba suna cikin ɗakunanmu.

Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa buɗe mini gafakar mahaifinsa. Takardu ne warwara, sun yi ja, an rubuta da tawadar gida. Akwai wasiƙa kan bashin goro, akwai jerin sunayen malaman da mahaifin ya yi karatu a gabansu, akwai kwanan watan wata gobara. Gefen dama na kusan kowane shafi gara ta yi masa gatsa-gatsa, wato daidai inda layin ajami yake farawa. Jikarsa tana jami'a, tana kuma neman batun kundi a waya, ba ta san abin da ke ƙarƙashin gadon kakanta ba.

Tsarin ba mai wahala ba ne. Dole ɗalibi ya yi aiki da tushe na asali: takardar ajami, ko hira da dattijo, ko rajistar masallaci, ko bakin masu lambun da ke noma a gefen dam ɗin Bulpiela. Alƙalai su haɗa malamin jami'a da malamin zaure, domin ɗayansu ya san ƙa'idar bincike, ɗayan ya iya karanta rubutun hannu. A cire sunan ɗalibi kafin a miƙa musu, kada a ce ɗan wane ne ya ci. A buɗe ƙofa ga Bahaushe da Badagombe da Bagwanje, mace da namiji, Musulmi da Kirista. Wanda ya yi nasara ya taƙaita bincikensa da Hausa ko Dagbanci, a karanta a rediyo, a kuma mayar da kwafi gidan da aka ari takardun. UDS, wadda aka kafa a 1992, dama tana tura ɗalibanta ƙauyuka a zango na uku na shekarar karatu, don haka hanyar shiga cikin jama'a a share take.

Za a ce ina kuɗi, alhali yara na fama da kuɗin makaranta da na haya. Gaskiya ne, shi ya sa ma kyautar za ta yi amfani: ta biya kuɗin motar zuwa Salaga da Yendi, da na ɗaukar hoton takardu. Abin da alhajin kasuwar Aboabo ɗaya yake kashewa a bikin ɗiyarsa zai riƙe kyautar shekaru.

Kirana ga sarakunan zango, da limamai, da 'yan kasuwarmu shi ne: wani ya tashi ya sa sunan mahaifinsa a kan wannan kyauta, ya je ya zauna da hukumar jami'a kafin ɗaliban bana su zaɓi batun kundinsu. Dattawan da ke iya karanta takardun nan suna ƙarewa, kuma su ne za su koya wa yaran.