Likita mace daga sama take faɗowa?

Maigida, kai ne mai tada jijiyar wuya a asibitocin Ingila: sai likita mace za ta duba matarka. To madalla. Kai ne kuma ka hana 'yarka karatun likita, wai shekarun sun yi yawa, wa zai aure ta?

Nemi tarihin Elizabeth Garrett Anderson. A 1860 ta shiga asibitin Middlesex da ke Landan a matsayin nas, don ƙofar da aka bar wa mace ke nan. Da ta fara yi wa ɗalibai maza fintinkau, suka haɗa baki aka kore ta. A 1865 ta ci jarrabawar ƙungiyar masu haɗa magani ta samu lasisi, su kuma suka toshe hanyar kada wata ta biyo. Digiri sai da ta je Faransa. A 1866 tana cikin waɗanda suka kai wa majalisa takardar neman ƙuri'ar mata. Ta rasu 1917, saura 'yan watanni a ba su.

Mahaifinta ma da farko ƙi ya yi. Daga baya shi ya biya kuɗin karatun, har ya yi barazanar maka ƙungiyar a kotu. Auren da kake jin tsoro kuwa, ta yi shi a 1871, 'ya'ya uku.