Cuta Biyu a Hanji Ɗaya

A shekarar 1950 wani likitan ƙwaƙwalwa a Shikago, Franz Alexander, ya jera cututtuka bakwai da yake ganin damuwa ce tushensu. Cikinsu har da gyambon babban hanji, cutar da ke sa mutum zawo da jini har ya rame ya koma kamar sillan kara. Aka ɗauki shekaru ana zaunar da masu ita ana yi musu tambayoyi kan yarintarsu da zamansu da iyayensu mata, hanji kuwa yana can yana zubar jini. Sai a 1955 wasu likitoci biyu, Truelove da Witts, suka nuna a Ingila cewa maganin kotison, mai kwantar da kumburi, yana samar wa masu cutar sauƙi fiye da yadda ake samu a da.

An kuma tafka kuskure ta ɗaya gefen. Tun 1892 likita William Osler ya yi bayanin mutanen da ke fama da murɗar ciki da majina a bahaya, aka daɗe ana lissafa su cikin masu kumburin hanji. Da aka samu na'urar leƙawa ciki, sai ga hanjin nasu sumul, ko ƙwarzane babu. Maimakon a bi sawun abin da ke damunsu, sai aka koma ce musu raki ne kawai.

Yau an raba cututtukan biyu. Kumburin hanji, wato IBD, shi ne wanda garkuwar jiki ke far wa hanjin mai ita. Iri biyu ne manya: gyambon babban hanji, wanda ya sa Shinzo Abe ya ajiye muƙamin firaministan Japan a 2020, da cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a New York a 1932. Ita wannan tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ta tsuke hanji ko ta huda shi, har sai an yi tiyata. Rikicin hanji kuwa, IBS, saƙon da ke kai-kawo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa. Hanjin ya yi saurin motsi ko ya yi nawa, 'yar iskar da wani ba zai ji ba ta hana mai shi sukuni. Yau zawo, jibi taurin bahaya. Ciwo ne na gaske mai hana mutum tafiya da zaman taro, amma ba ya cin hanji, ba ya jawo ciwon daji, ba ya kuma rikiɗewa ya zama IBD.

Duk da haka akwai inda suke haɗuwa, nan ne ma likita kan sha wuya. Kusan ɗaya cikin uku na masu IBD da gyambonsu ya lafa sukan ci gaba da jin murɗa da iska irin na IBS. Idan aka ɗauka cutar ce ta taso aka ƙara musu ƙwayoyi masu danne garkuwa, an cutar da su a banza. Haka kuma zawon ƙwayar cuta kan bar IBS a baya. An ga wannan a garin Walkerton na Kanada, bayan ruwan famfonsu ya gurɓace a 2000: da yawa sun warke daga zawon, cikin bai koma daidai ba shekaru.

Mu a nan ruɗanin ya fi haka, domin duk ciwon cikin da ya daɗe sunansa olsa ko basir ko taifot, maganinsa kuma Flagyl daga kemis. Ga atini da tarin fukan hanji, masu kama da IBD ƙwarai, waɗanda kotison zai iya tsananta su. A ganina, yanke hukunci kafin awo shi ne ya ɓatar da likitocin jiya, shi ne kuma muke yi yau.

Wanda ya ga jini a bahaya, ko zawo na tashinsa daga barci, ko yana ramewa, ko ga zazzaɓi da ƙarancin jini, kada ya yarda a ce masa IBS ne. Ya je asibiti a auna jini da bahaya, in ta kama a leƙa hanjin.