Shanyewar ɓarin jiki ba shafar aljanu ba ce

Jama'ar Buji, mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, sai a ce iska ce, a yi ta hayaƙi har sati biyu. Haba!

A 2017 masu bincike a Jami'ar Auckland ta Niyu Zilan suka fito da ma'aunin PREP2: rana ta 3 a gwada ƙarfin ɗaga kafaɗa da miƙe yatsu, a haɗa da shekarun majinyaci, a hango yadda hannun zai dawo nan da wata 3. A watannin nan gashi ya fi yin aiki.

Wanda aka ɓoye a ɗaki a Gantsa, wa zai gwada shi? Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A ranar a kai shi Rasheed Shekoni a Dutse, ko FMC Birnin Kudu.