Filin Mata: Ran Da Makaranta Ta Sauya Abokan Wasa

 

Yau ba zancen girki za mu yi ba, ba kuwa na ɗinki ba. Labarin wata makaranta na kawo muku daga ƙasar Amurka, da yadda ta bar abokan wasanta na dā ta koma cikin waɗansu. Na san wata za ta ce, ina ruwan matar aure da ƙwallon Turawa? To, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, 'yar'uwa. Iyaye mata suna tsakiyar wannan al'amari, kuma 'yan mata na cikin waɗanda ya faɗa wa a ka.

Bari in fara gaya muku yadda su ke shirya wasanni a can. Kowace makarantar sakandare tana da ƙungiyoyin wasa da yawa: ta ƙwallon ƙafa, ta ƙwallon kwando, ta ƙwallon raga, ta tsere, da sauransu, na maza dabam, na mata dabam. Makarantu kamar bakwai ko goma da ke kusa da juna su kan haɗu su zama rukuni guda, su yi ta karawa da juna shekara da shekaru, har kakanni su ba jikoki labarin yadda su ka ci makarantar garin wane a zamaninsu. A Jihar Washington, wadda ta ke can arewa maso yamma a bakin teku (ba birnin da Shugaban ƙasa ya ke zaune ba), akwai hukuma guda mai lura da wannan. Ita ke kasa makarantu aji aji bisa ga yawan yaransu, daga ƙanana ƙwarai har zuwa 1A, 2A, 3A da 4A. Watau dai kamar yadda ba a haɗa ɗan damben da gemu bai fito masa ba da ƙaton da ya shekara goma yana kisa.

A garin Everett, kamar mil 25 arewa da birnin Seattle, akwai wata makarantar 'yan Katolika mai suna Archbishop Murphy. Ba ta gwamnati ba ce, biya a ke yi, kuma yaranta maza da mata ba su wuce kamar 500 ba. Tana cikin aji 2A. Rukuninta na dā kuwa ana ce da shi Cascade, inda ta kasance tare da makarantun ƙananan garuruwa irin su Sultan da Granite Falls, da South Whidbey wadda ke kan tsibiri, galibi da jirgin fito a ke zuwa.

Babban wasansu shi ne irin ƙwallon nan tasu ta Amurka. Ba irin tamu ba ce da a ke bugawa da ƙafa. Ƙwallon doguwa ce kamar ƙwai, yaro ya kan rungume ta ya zura da gudu, abokan gāba su bi shi su kayar. Kowa da hular kwano da matashi a kafaɗa, gama karo a ke yi kamar na raguna. Mai nauyi shi ke da riba.

A kakar 2016 sai Allah ya haɗa wa wannan makaranta waɗansu samari ƙarfafa. Wasa uku na fari su ka ci 73 da babu, 59 da babu, 38 da babu. Ku haɗa ku gani, 170 ke nan, ba wanda ya ko taɓa su. A cikinsu akwai waɗanda nauyinsu ya haura laba 300. Biyu daga cikin yaran nan, Kyler Gordon da Abraham Lucas, a 2022 manyan kulob na ƙasar su ka ɗauke su, ɗaya a Chicago, ɗaya a Seattle. Kun ga ashe ba tsoron banza mutane su ka ji ba.

Daga nan sai makarantu su ka fara janyewa. South Whidbey ta ce ba za ta buga ba, a rubuta an cinye ta. Sultan ta bi baya. Da layi ya zo kan Granite Falls, a watan Oktoba, sai aka kira taron iyaye. A lokacin nan ne wata uwa ta yi maganar da ta kewaya ƙasar duka. Ta ce ɗanta shekararsa 14, nauyinsa laba 117, watau kamar kilo 53, ga shi ana so a tsai da shi gaban ƙato ɗan shekara 18 mai laba 330, kusan kilo 150. Ta kwatanta abin da karon ƙaramar mota da babbar motar ɗaukar kaya. Granite Falls ma ta janye. Kafin kaka ta ƙare, makarantu 5 su ka ƙi fitowa fili.

'Yan'uwa, ku sa kanku a matsayin matar nan. Ɗanki yana so ya buga, domin kada abokai su ce masa matsoraci. Maigida wataƙila yana cewa a bar shi, namiji ne. Ke kuwa kin san wadda za ta kwana a bakin gadon asibiti. Mutanen jihar nan kuma ba baƙin wannan tsoro ba ne. A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 ya bugu a ka a cikin wasa, aka mai da shi fili, ya faɗi, ya sami naƙasa mai tsanani. Sabo da shi ne a 2009 jihar ta kafa doka, cewa duk yaron da a ke zaton ya bugu a ka, a fid da shi nan take, kada ya koma sai ma'aikacin lafiya ya yarda a rubuce. Ita ce jiha ta fari da ta yi irin wannan doka. Don haka ni dai ban ga laifin uwar nan ba. Rigakafi ya fi magani.

Amma fa adalci ya sa mu dubi ɗaya gefen. Su ma yaran Archbishop Murphy 'ya'yan waɗansu mata ne. Sun sha wahalar horo tun bazara, ga daren Jumma'a ya zo, ba abokin karawa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Waɗanda ke ajin ƙarshe, wasa biyar ke nan su ka tafi da ba za su komo ba har abada. Masu ƙorafi su ka ce makarantar kuɗi ta kan ɗebo yara daga nesa, ta kowace fuska, su kuwa na gwamnati sai ɗan da aka haifa a garin. Makarantar ta ce ita ba ta farautar 'yan wasa, ƙwazon yaranta ne kawai. Ko ta yaya, a watan Disamba na shekarar yaran su ka ci kofin jiha na aji 2A.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dama rukunin nan haɗin gambiza ne, akwai 'yan 1A, akwai 'yan 2A, kuma bayan abin da ya faru zama bai sāke yin daɗi ba. A 2018 rukunin Cascade ya watse. Ƙananan makarantun, watau Sultan, Granite Falls, South Whidbey, King's da Cedar Park Christian, su ka jawo Coupeville, su ka kafa nasu sabon rukuni mai suna North Sound. Archbishop Murphy kuwa, ita da Cedarcrest, su ka shiga wani babban rukuni da a ke kira Wesco.

Ga inda na ke so ku buɗe kunne. Rigimar ta ƙungiya ɗaya ce tak, ta samari masu hular kwano. Amma da aka tashi ƙaura, gidan duka aka kwashe. Kamar maigida ne ya yi faɗa da maƙwabci a kan iyakar gona, sai ga uwargida da amarya da yara suna ɗaure kaya.

Ku dubi abin da ya sami kowa. Rukunin Wesco na manyan makarantun gwamnati ne, yawancinsu 'yan 3A da 4A, masu yara fiye da 1,000. Yarinyar da ke buga ƙwallon raga ko ƙwallon kwando a Archbishop Murphy, wadda ba ta taɓa tsorata kowa ba, sai ta wayi gari tana karawa da makarantar da ta ninka tasu. Inda malaminsu ke zaɓen 'yan wasa 12 daga cikin 'yan mata kamar 250, na wancan gefen yana zaɓe daga cikin 600 ko fiye. Wannan lissafi ne, ba sai an yi duba ba. Amma akwai daɗinsa. Yawancin makarantun Wesco suna nan kewaye da Everett, ba sauran jiran jirgin fito. Kuma idan lokacin neman kofin jiha ya zo, yaran su kan koma cikin 'yan ajinsu na 2A, bayan sun sha gwagwarmaya da manya. Wanda ya saba ɗaukar buhu, kwando ba ya ba shi tsoro.

Su kuwa samarin da aka yi abin dominsu, ba su bi sauran ba. An haɗa su da makarantun 2A na can arewa, wajen Bellingham da Lynden, kusa da iyakar Kanada. Daga Everett zuwa Bellingham kamar mil 60 ne, Lynden kuwa ta fi haka. Sun sami abokan karawa da ba su gudu, amma sun sami doguwar hanya da dare. Uwar da ke da ɗa a wannan ƙungiya da 'ya a waccan, sai ta raba kanta biyu.

Ƙananan makarantun ma ba su zauna ba. Sabon rukuninsu shekara biyu kaɗai ya yi. A 2020 aka sāke lissafin yara, Coupeville ta sauka zuwa ajin da ke ƙasa ta tafi wani rukuni, sauran su ka haɗu da waɗansu makarantu na wajen Seattle. Yarinyar da ta shiga ɗayan makarantun nan a 2017 ta fita a 2021, rukuni uku ta gani. Abokan hamayyar da yayarta ta sani, ita ba ta san su ba.

Kada ku ce a Amurka ba a kula da wasan 'yan mata. Tun 1972 su ke da doka wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta bambanta mace da namiji, kuma dokar nan ce ta cika filayensu da 'yan mata. Amma doka ba ta sa mutane su yi zancenki. Duk ƙasar ta san nauyin samarin nan laba laba. Wa ya ji an tambayi mai tsaron gidan 'yan mata ko tana son sababbin abokan karawa? Inda kuɗin ƙofa da 'yan kallo su ke, nan hankalin manya ya kan tafi.

Abin da na tsinta a cikin labarin nan, shi ne wannan. Maganar uwa tana da nauyi, in ta tashi ta faɗe ta a inda a ke yanke shawara. Mace guda ta faɗi shekarun ɗanta da nauyinsa, ba zagi, ba kuka, duniya ta ji. Amma maganar da ta tsaya a kan ɗa ɗaya ba ta isa ba. Duk ran da makarantar 'ya'yanki ta ce za ta sauya wani tsari, ko na wasa, ko na lokacin tashi, ko na inda za a kai yara gasa, ki je taron iyaye, kada ki ce na maza ne. In kin je, ga tambayoyi huɗu ki riƙe.

Ta fari, don wa a ke yin wannan sauyi, su wa kuma zai kwasa ba da saninsu ba? Ta biyu, da wa yaran za su kara, sa'o'insu ne a shekaru da girman jiki? Ta uku, ina nisan wurin, wa zai biya kuɗin mota, ƙarfe nawa za su komo gida, kuma wace malama ce za ta raka 'yan mata? Ta huɗu, idan yaro ya ji ciwo, wa ke da ikon cewa ya fita, kuma wa zai duba shi kafin ya koma?

Ba sai kin yi karatu mai zurfi za ki yi waɗannan tambayoyi ba. Wadda ta iya raba tuwo ga yara takwas ba wanda ya yi kuka, ta san abin da a ke nufi da daidai. Ki kuma tuna da 'yar maƙwabciyarki wadda uwarta ba ta sami zuwa ba, ki tambaya dominta.

Sa'an nan in kin koma gida, ki zauna da yaron. In an janye shi daga wasa, ki nuna masa ba ragonci ba ne, gobe ma rana ce. In kuwa naki ne ƙaton da a ke gudu, ki koya masa kada ya yi girman kai, gama ƙarfi aro ne. In 'yarki ce aka kai cikin manya ana cinye su mako mako, kada ki bari ta aje takalmin. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Wadda ta taɓa zuwa irin wannan taro a makarantar 'ya'yanta, ta rubuto mana yadda aka ƙare, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya raya mana su, ya kiyashe su a fili da hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.