Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Taraba kan Jiƙe-jiƙen Kwalba

Mai girma Shugaban Majalisa da 'yan majalisa masu daraja,

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Jalingo ko tashoshin mota ya san su: tsofaffin gorunan ruwa cike da jiƙo baƙi-ƙirin, babu suna, babu lambar NAFDAC. Mai tallar zai ce maganin basir ne, ko na gajiya. Ɗan dako ko direban keke ya kurɓa ya koma aiki, bai san me ya shiga cikinsa ba. Wani jiƙon sassaƙe ne na gaskiya, wani kuwa an gauraya shi. A 2022 hukumar NDLEA ta yi gargaɗi kan a-kurkura, ta ce ganyayyaki ne haɗe da taba da wiwi.

Na san za a ce a haramta kawai. To, a 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma shaye-shaye bai mutu ba, sai dai ya sauya riga.

Ku dubi kava, saiwar da mutanen Fiji da Banuwatu ke dakawa su jiƙa su sha a taruka, tana kuma sassauta jiki. Jamus ta hana ta a 2002 bisa zargin lahani ga hanta, amma a 2014 kotu ta soke hanin saboda hujjar ba ta kai ba. Banuwatu kuwa a 2002 doka ta yi: ta fayyace irin da za a fitar waje, ta ce sai shukar ta shekara 5. Nan ne hikimar take, sanin abin da ke cikin ƙoƙon kafin yanke hukunci.

Rajistar magani aikin NAFDAC ne, amma kasuwa da tasha a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke. Ku yi doka ta tilasta wa masu jiƙo yin rajista a ƙaramar hukuma, a riƙa ɗibar samfuri ana kai wa NAFDAC gwaji, a manna wa kowace kwalba sunan mai haɗawa da abin da ya zuba. A hana sayar wa yara. Wanda aka samu da zaƙami ko tiramol a jiƙonsa, a miƙa shi ga NDLEA. Ku kuma kira masu maganin gargajiya zaman jin ra'ayi kafin ku rubuta ƙudurin, domin sun fi kowa sanin masu ɓata musu sana'a.

Naku,
Wani mazaunin Jalingo